Me Ke Kai Ikrima Garkar Malam Badaru?

Akwai wani tela a cikin garin Daura, shagonsa ba shi da nisa da rijiyar Kusugu, ana ce masa Ɗantsoho. Mutum ne mai cika alkawari a sana'arsa, in ya ce maka ranar Alhamis, to Alhamis ɗin za ka karɓi rigarka. Bai yi boko ba, amma yana da ɗa da yake ji da shi, Ikrima, wanda ke aji biyu a babbar sakandare.

Ikrima Allah ya yi masa baki. In ya ɗauki littafin Turanci ya fara karantawa, sai ka rantse labaran rediyo ake yi. Ba inda-inda, ba tsayawa. Da la'asar in 'yan majalisa sun cika bencin ƙofar shago, Ɗantsoho kan tsayar da keken ɗinki ya ce, "Ikrima, ɗauko littafin nan naku ka zuba mana."

Yaro ya yi ta zubawa, mutane suna gyaɗa kai, ko da yake babu mai jin Turanci a cikinsu. Shi kuwa uban sai ya gyara hula ya ce, "Wannan lauya ne, in Allah ya yarda."

Ana nan sai aka kawo wa su Ikrima sabon malamin Turanci da adabin Turanci, wani mutumin Baure mai suna Malam Badaru. Ba a daɗe ba Ɗantsoho ya fara ganin abin da bai gane ba.

Da farko yaron ya daina karatu a shago. In an ce ya ɗauko littafi, sai ya ce kansa ke ciwo, ko ya ce ya bar shi a makaranta. Sannan ya fara fita bayan la'asar, ba ya dawowa sai dab da magariba. In an tambaye shi sai ya ce lesin.

Wata rana Ɗantsoho ya dubi takalman yaron a bakin zaure, ya ga laka ta bushe a jikinsu. Rani ne tsantsa, ko ɗigon ruwa ba a yi ba. Ya tsaya yana kallon takalman nan, yana tambayar kansa wane irin lesin ne ake yi a cikin taɓo.

Amsar ta zo masa daga bakin Zailani, wani ɗan acaɓa da ke zama a majalisarsa. Ya matso kusa da keken ɗinki, ya rage murya.

"Baba Ɗantsoho, ba gulma ba, amma jiya na dawo daga Zango na hango ɗanka a garkar malamin nan ɗan Baure. Bokiti ne a hannunsa."

"Bokiti?"

"Bokiti cike da ruwa. Shi kuwa malamin yana zaune a inuwa."

Ranar sau biyu Ɗantsoho yana farke ɗinkin da ya yi.

Kashegari ya rufe shago da wuri, ya bi bayan yaron daga nesa har bayan gari. Ya laɓe a jikin darnin garkar yana leƙe ta kafa. Ga Malam Badaru nan zaune a gindin mangwaro, da littafi a cinyarsa, yana magana da Turanci. Ga Ikrima, ɗan da ko tsintsiya ba a bari ya ɗauka a gida, yana zuba wa albasa ruwa. Malamin ya sake magana, yaron ya ajiye bokiti, ya je ya tsinko barkono ya kawo masa.

Ɗantsoho ya juya gida zuciyarsa na tafasa.

Matarsa Maimunatu ta ce, "Malam, ka zaunar da yaron ka tambaye shi mana."

"Na tambaye shi ya ce lesin. Abin da aka koya masa ya faɗa ke nan."

"To ka tambayi malamin."

"Zan tambaye shi. Bari dai sakamako ya fito mu ga abin da aka biya shi na wahalarsa."

Shi a tunaninsa, malamin yana sa yara aikin garka ne ya saka musu da maki. Sai ga sakamakon zango ya fito, ya zo da abin da ya fi haka muni. Ikrima, wanda bai taɓa faɗuwa a Turanci ba, ya faɗi. Shi da kansa ya gaya wa uban, kansa a sunkuye.

Nan Ɗantsoho ya haɗa nasa lissafin. Wato ana bautar masa da ɗa, kuma ana danne masa maki don kada ya daina zuwa.

Ya tare Malam Badaru a ƙofar masallaci bayan sallar azahar, mutane na fitowa.

"Kai ne malamin da ya mayar min da ɗa lebura?"

Malam Badaru ya dube shi a natse ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, mu koma gefe."

"Babu gefen da za mu. Me ɗana ke yi a garkarka?"

"Karatu muke yi."

"Karatun ne ya kayar da shi?"

Malamin ya ce, "Akwai magana, Baba, amma ba tawa ba ce. Na yi alkawari ba za ta fito daga bakina ba."

Wannan amsa ita ta ƙara rura wutar. Wane irin sirri ne tsakanin malami da ɗan mutane, wanda uba ba zai ji ba? Kafin mako ya zagayo maganar ta karaɗe unguwa, kowa da irin tasa. Wasu suka ce littattafan da yake ba yara ne ke ɓata musu tarbiyya. Wasu suka ce ai dama ba a san abin da ya baro da shi daga tsohuwar makarantarsa ba. Malam Badaru ya fara yin sallama ana amsa masa ciki-ciki. Bai kare kansa a wajen kowa ba.

Ɗantsoho ya hana Ikrima fita, sannan ya kai ƙara wajen shugaban makaranta. Shugaban ya sa rana, ya ce uba da ɗa da malami duk su zo ofishinsa.

Ranar da aka zauna, Ɗantsoho ya zayyana duk abin da ya gani da idonsa. Da ya gama sai ya nuna wani littafin adabi da ke kan tebur.

"Ranka ya daɗe, ba sai an ja magana ba. A ba yaron nan littafin can, a buɗe ko'ina, ka ji da kunnenka ko ya cancanci faɗuwa."

Aka miƙa wa Ikrima. Ya karanta shafi guda tas, muryarsa na fita kamar yadda ta saba. Shugaban makaranta ya ɗaga gira, ya juya wajen malamin.

"Malam Badaru, yaron da ke karatu haka ka kayar? Kuma kana kai shi garkarka ba da sanin iyayensa ba. Me za ka ce?"

"Rashin sanar da iyayensa kuskurena ne, na karɓa. Makin kuwa abin da ya ci ne na ba shi."

"Iyakar bayaninka ke nan? Ka san in na tura maganar nan sama, aikinka ne a kai."

"Na sani, ranka ya daɗe."

Shugaban ya jawo takarda. Ɗantsoho ya gyara zama. A nan ne Ikrima, wanda har lokacin yake tsaye riƙe da littafin, ya yi magana.

"Baba, ba ka tambaye ni abin da na karanta ba."

"Kamar yaya? Ai mun ji."

"Kun ji sauti ne. Ba wanda ya taɓa tambayata me yake nufi. Tun ina firamare na iya haɗa baƙi in faɗa, amma ban san abin da nake faɗa ba. Duk karatun da nake muku a shago, wallahi ni da su Zailani ɗaya muke."

Yaron ya ci gaba, hawaye na zubo masa.

Ya ce duk makin da yake ci a baya, na wanda ke zama kusa da shi yake kwafa. Ranar da Malam Badaru ya fara ba su auna fahimta, ya sa shi karatu a aji, sannan ya ce ya faɗi da Hausa wa ya mutu a cikin labarin. Ya kasa. Malamin bai kunyata shi ba, ya wuce kan wani. Bayan an tashi ya kira shi gefe, ya ce in yana so za su fara daga tushe.

"Ni na roƙe shi kada ya gaya maka, Baba. Na ga yadda kake faɗa wa mutane ni lauya ne. Ni na ce kada a yi a makaranta, don kada 'yan ajinmu su gan ni da littafin 'yan firamare."

Ɗantsoho ya ce da ƙyar, "To bokitin fa?"

"Da Turanci yake ba ni umarni. Ya ce in shayar da layin da ke hagu, ko in kawo jan barkono ban da kore. In na yi daidai, ya san na fahimta. Daga nan muka koma gajerun labarai. Jarrabawar nan da na faɗi, ita ce ta farko da na rubuta da kaina."

Shugaban makaranta ya ajiye biro. Ya ce, "Shafin da ka karanta yanzu, me ka gane a ciki?"

Ikrima ya sake duba littafin. Wannan karon a hankali ya bi shi, yana tsayawa, yana komawa baya. Ya ce wata mata ce take jiran ɗanta a tashar jirgin ƙasa, jirgin ya zo babu shi, amma ta ƙi tafiya. Ya ce akwai kalmomi a ƙasa da bai sani ba tukuna.

"Haka ne," in ji shugaban. Ya mayar da takardar cikin aljihun tebur.

Ɗantsoho ya rasa inda zai sa idonsa. Ya tuna ƙofar masallaci, ya tuna abin da ya faɗa a majalisa. Mutumin nan ya yarda sunansa ya ɓaci, aikinsa ya tafi, don dai kada ya tona asirin yaron da ba nasa ba. Ya juya zai durƙusa, Malam Badaru ya yi sauri ya riƙe shi.

"Haba Baba, ka haife ni. Duk uban da ya ga abin da ka gani, hankalinsa zai tashi."

"A gaban mutane na ci mutuncinka. A gabansu zan gyara."

Haka kuwa ya yi. Bayan azahar ya miƙe a ƙofar masallacin, ya ce duk abin da aka ji daga bakinsa a kan Malam Badaru zato ne, kuma ya yi kuskure. Ya so ya tsaya nan, amma Ikrima ya ce masa ya faɗi sauran, shi ya daina jin kunyar abin. Sai ya faɗa duka.

Mutane suka watse ba hayaniya. Da yawa daga cikinsu suna da 'ya'ya a boko, kuma babu wanda ya taɓa cewa ɗansa ya rufe littafi ya ba shi labarin abin da ke ciki.

Ikrima ya koma garka, wannan karon da sanin ubansa. Bai zama na ɗaya a aji ba, amma da shekara ta zagayo ya ci Turancinsa a jarrabawar gama sakandare, da hannunsa.

Tun kafin nan, wata safiya Ɗantsoho na buɗe shago sai ga Zailani ya tsaya da babur, da 'yarsa Zulfa a baya cikin kayan makaranta. Ya sauko, ya daɗe yana murza makulli a hannu.

"Baba Ɗantsoho, jiya na tambaye ta me ta gane a karatunta. Ita ma shiru ta yi." Ya dubi ƙasa. "Ni na fara kawo maganar malamin nan, ba ni da idon zuwa wajensa ni kaɗai. Ko za ka raka ni?"

Ɗantsoho ya mayar da kwaɗon ya kulle, ya ce, "Mu je."

Darasi: Abin da idonka ya gani ba shi ne dukan labari ba, don haka ka bincika kafin ka ɓata sunan mutum, wataƙila shirun da ya yi asirinka yake rufewa. Iyaye kuma, kada daɗin muryar yaro ya ruɗe mu. In ya gama karatu, mu tambaye shi me ya fahimta, kuma mu ba shi fuskar da zai iya cewa bai gane ba. Ku tura wa iyaye da malaman da kuka sani, Allah ya saka wa malamanmu na gari da alheri.