Kainuwar da Aka Ɗebo daga Kududdufi

Akwai wani mutum, kafinta, da yake zaune a wani gari mai nisa da kogi, shi da matarsa da mahaifiyarsa. Tsohuwar 'yar masunta ce. A bakin ruwa aka haife ta, a can kuma ta tsufa, har ranar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita, ɗanta ya je ya ɗauko ta. Ya ba ta ɗakin da ya fi iska a gidan, matarsa kuma tana kula da ita kamar uwar da ta haife ta. Duk da haka tsohuwar yini take tana kallon bango.

Wata rana ta ce masa, "Ɗana, shekara guda ke nan ban ga abu mai rai yana motsi a cikin ruwa ba."

Maganar ta tsaya masa a rai. Sai ya tafi kasuwa wurin wata mace mai sayar da kifin ado, ya sayi ƙaramin akwatin gilashi wanda bai fi kamu guda ba. Matar ta ba shi yashi wankakke da tsakuwa da 'yan tsire-tsiren ruwa guda huɗu, ta ce masa, "Malam, tsiro ake fara dasawa. Ka bar shi ya kama, ruwan ya kwanta mako uku, sa'an nan ka dawo mu zaɓi kifi. Akwatinka ƙarami ne, shida sun ishe shi, irin waɗanda ba sa faɗa da juna, ba sa kuma wuce tsawon ɗan yatsa. Abu guda nake roƙonka. Kada ka ɗebo komai daga rafi ko kududdufi ka zuba a ciki. In ka ga wani tsiro ya ba ka sha'awa, kawo mini in wanke, in ajiye shi a bokiti dabam kwana bakwai, mu ga abin da yake ɗauke da shi."

Ya amsa ya ce, "Na ji, Malama."

Ya koma gida ya ƙera tebur daidai tsayin gadon mahaifiyarsa, ya yi wa akwatin murfi, ya dasa tsire-tsiren. Amma sirara ne ƙanana, akwatin kuwa ya zama kamar babu komai a ciki. Lokacin damina ne. Ran nan yana dawowa daga aiki, sai ya bi ta gefen wani kududdufi, ya ga kainuwa ta rufe ruwan, koriya shar, irin wadda take yawo a kogin garinsu. Ya tuna da maganar mai kifi, ya ɗan tsaya. Sa'an nan ya ce a ransa, "Ai ciyawa ce kawai. Kwana bakwai kuma ya yi yawa ga mai ciwo." Ya naɗe ƙafar wando, ya ɗebo guda uku da saiwoyinsu masu kama da gashi, ya kai gida ya saka a ruwan.

Da tsohuwar ta gani, ta ɗaga hannunta mai lafiya ta ce, "Kainuwa! Ɗana, Allah ya yi maka albarka." Ya ji daɗi ƙwarai, ya kuwa manta da sauran zancen.

Da mako uku suka cika, ya kawo kifi shida. Tsohuwar ta raɗa wa kowane suna: wannan Jan Wutsiya, wancan Mai Zane, ƙaramar cikinsu Auta. Ta san wanda yake riga kowa zuwa abinci, ta san wanda yake son kusurwa. Ta soma cin tuwo sosai, harshenta da ya yi nauyi ya soma sakewa. Kainuwar kuma ta yi ta haihuwa, saiwoyinta suka sauka har ƙasa, suka yi duhu a bayan akwatin.

Ana nan, bayan wata biyu, wata safiya tsohuwar ta ce, "Ina Jan Wutsiya?"

Mutumin ya duba, ya ga biyar. Murfi yana rufe. Ya duba ƙasa, ya duba ƙarƙashin gado, babu kifi, babu gawarsa. Ya ce mata, "Ya shiga cikin saiwa ne, Inna, zai fito." Ya fita da sauri zuwa kasuwa.

Mai kifi ta saurare shi, ta ce, "Kifi in ya mutu ana ganin gawarsa. Malam, akwai abin da ka saka a ruwan wanda ba daga hannuna ya fito ba?"

Kunya ta kama shi. Ya ce, "Babu."

Ta dube shi, ta nuna masa kifayen. Ya zaɓi wani mai jan wutsiya, ya kai gida, ya jira har matarsa ta kai tsohuwar wanka, ya sake shi a ruwan. Da aka dawo da ita ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta ce, "Wannan ba shi ba ne."

Ya ce, "Shi ne mana, Inna. Ɓuya ya yi."

Ta mai da idonta kan akwatin.

Bayan kwana huɗu Mai Zane ya ɓace. Mutumin ya je wata rumfa dabam don kada mai kifi ta sake tambayarsa, ya sayo wani mai zane ya saka. Bayan kwana uku wani ya tafi, sa'an nan biyu a rana ɗaya. Kowace safiya sai ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ya kasa ɗaga labule. Ruwan garau yake, tsire-tsiren lafiya lau, sauran kifayen kuwa sun daina yawo, sun taru a kusurwar gaba sun manne da gilashi kamar masu neman hanyar fita.

Matarsa, wadda ta san yana musanya su, ta ja shi gefe ta ce, "Maigida, abin nan ba na lafiya ba ne. Murfi a rufe, ba mu da kyanwa, ba gawa. Ni yanzu ko shara na shiga yi, ba na iya juya wa akwatin nan baya. Ka gaya wa Inna gaskiya."

Ya ce, "In ta ji suna ɓacewa hankalinta zai tashi. Bari dai in ga."

Tsohuwar ta daina tambaya. Sai a ji tana kiran sunayen kifayen a hankali, ta kai tsakiya ta tsaya, ta sake farawa. Ran nan surukarta ta kawo mata kunu, sai ta riƙe mata hannu ta ce, "Ke ce matar ɗana, ko ba ke ba ce?" Daga ranar ta juya fuskarta bango, ta ƙi abinci. Aka kira ma'aikacin asibiti ya auna ta, ya ce bai ga wani sabon ciwo ba. Kwana biyar ruwa kaɗai take kurɓa, idanunta suka faɗa.

A rana ta shida ta kira ɗanta, ta ce, "Zauna kusa. Faɗa mini sunanka da bakinka, in riƙe shi da kyau, kada in tashi gobe in neme shi in rasa. Haka uwata ta fara. Ta ce an musanya mata ƙwarya, ta ce an musanya mata awaki, muka yi ta ce mata ba haka ba ne. Daga baya mu ma ta ce an musanya mu. Ta mutu tana ihu, tana tsoron 'ya'yan cikinta. Ga shi ni ma ina kallon kifayena ban san su ba. Ɗana, ranar da na fara jin tsoronka, kada ka yi fushi da ni."

Mutumin ya tashi bai ko sa takalmi ba, ya nufi kasuwa, ya tsaya a gaban mai kifi ya ce, "Malama, ƙarya na yi miki. Na saka kainuwa daga kududdufi."

Ba ta zage shi ba. Ta ɗauki 'yar raga da bokiti, ta bar wa maƙwabciyarta rumfa, ta biyo shi. Ta gai da tsohuwar, ta fara kwashe kifayen da suka rage zuwa bokiti. Sa'an nan ta sa hannu ta ɗaga kainuwar gaba ɗaya. Nan take wani baƙin abu ya fito daga cikin saiwoyin ya daki gilashi, har ruwa ya fantsama a gado. Matar kafintan ta yi ƙara. Mai kifi ta tare shi da raga ta ɗaga: tarwaɗa ce, ta kusa tsawon tafin hannu, ga gashin baki, ga ciki ya cika tam.

Ta ce, "Ranar da ka kawo ta ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, tana manne a saiwa. Da rana takan ɓuya, in duhu ya yi ta fito. Kifi nawa ka sake sakawa?"

Ya ce, "Tara."

Ta ce, "To, kai ka yi kiwonta."

Mutumin ya durƙusa a gaban gadon, ya faɗa wa mahaifiyarsa dukan abin da ya yi. Ta dubi tarwaɗar, ta dube shi, hawaye suna bin kumatunta. Ta ce, "Ashe idona bai yi ƙarya ba. Ni 'yar masunta ce, da ka ce mini kifi suna ɓacewa, da tun ranar farko na ce ka ɗaga ciyawar nan. Tarwaɗa ba ta ba ni tsoro. Kai ne ka dubi idona ka ce shi ne."

Aka zubar da ruwan, aka wanke yashi da tsakuwa, aka sake dasa tsiro, aka jira mako uku. Daga kifayen farko Auta kaɗai ta tsira. Tsohuwar ta koma cin abinci, ta kuma gafarta wa ɗanta da zuciya ɗaya. Ta ƙara shekara biyu a duniya da hankalinta cikakke. Amma har ta rasu, in ya gaya mata wata magana, ko da cewa an yi ruwa a gona ne, sai ta juya ta dubi fuskar matarsa tukuna. Shi kuma yana gani.

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Akwatin nan gidanka ne, zuciyarka ce kuma. Ƙarami ne, ba kowane abu yake iya ɗauka ba, shi ya sa Ubangiji ya gargaɗe mu mu kawo masa abu ya gwada kafin mu shigar da shi. Ku lura fa, mutumin nan ba mugu ba ne. Don ƙaunar mahaifiyarsa ya ɗebo kainuwar. Yawancin abin da yake cinye gidajenmu haka yake shigowa, da kyakkyawan dalili a gaba: wata abota, wata hira a waya, wani ɗan kurɓin giya don gajiya. Ido yana ganin ganye, ba ya ganin abin da yake cikin saiwa.

Amma ba wannan ne ya fi ba ni tsoro ba. Kuskuren farko kifi ɗaya ya ci. Sauran duka ɓoyewa ce ta ci su. Sau ɗaya aka tambaye shi a fili, ya ce babu, daga nan kuma duk abin da ya yi don ya rufe zancen abinci ne ya kai wa tarwaɗa. Ni mai gaya muku wannan na taɓa yin haka. Salama ta ɓace a gidana, na sayo dariya na saka a wurinta. Addu'a ta ɓace, na sayo yawan zuwa sujada. Daga waje lissafin ya cika.

Wanda kuma ya fi shan wahala ba mai ɓoyewar ba ne. Akwai wata a gidanka, ko wani, da ya riga ya ga abu ya canza. Ya tambaye ka, ka ce babu komai. Yanzu yana kwance yana zargin kansa, yana cewa ko shi ne ya cika zato, ko shi ne ya lalace. Ubangiji mai gafara ne, duk wanda ya zo ya ce "ƙarya na yi" ba ya korarsa, yakan taso ya biyo shi har ɗaki. Sai dai kowace rana da ka ƙara, akwai abin da ake cinyewa wanda gafara ba ta mayar da shi yadda yake dā.

Tun da na fara magana, akwai fuskar da ta zo maka a rai. Kada ka bari a ɗora tukunyar rana yau ba ka zauna a gabanta ba. Ka ce mata, "Abin da kika gani gaskiya ne."