Barewar da Zakka Ya Kama a Guje

Akwai wani manomi a wani ƙauye na bakin daji, sunansa Zakka, wanda ya kama barewa da hannunsa tana tsakiyar gudu. Haka dai ya faɗa.

Wata rana da damina ya shigo gari da ita a kafaɗa, tana da rai, ba rauni a jikinta, ba alamar tarko a ƙafarta. Mutane suka taru. Ya ce ya tarar da ita tana cin waken gonarsa, sai ya ajiye fartanya ya bi ta. Ta tsallake rafi, ya tsallake. Ta hau dutse, ya hau. Da ta waiga ta ga har yanzu yana nan, sai zuciyarta ta karaya, ya miƙa hannu ya cafke ƙafarta ta baya.

Zakka kuwa mutum ne mai tumbi. In aka buga ƙararrawar sujada ya taso daga gida, yakan iso ne ana addu'ar rufewa, yana haki. Amma ga barewa a gaban kowa, ba wanda ya iya cewa babu ita. Labarin kuma ya yi ta ƙiba kamar mai shi. Kafin yamma rafin ya zama kogi. Washegari aka ji ashe akwai kada a cikin kogin.

Matarsa Tabita tana da awaki. Da akuya guda ta fara, wadda mahaifiyarta ta ba ta, ta yi ta kiwo da dusa da harawa har garke ya kafu. Da su take fita kunyar baƙo, da su take yin Kirsimeti. Da yake damina ce, shuka tana gona, ba a sakin dabbobi, sai ta ɗaure su a wani fili mai ciyawa a bayan gida, inda maƙwabta ma suke ɗaure nasu. A tsakiyar wannan fili Zakka ya kafa wa barewarsa turke, gama ta nan hanyar rijiya ta bi, kowa zai gani.

Tabita ce mai kai musu ruwa, saboda haka ita ta fara lura. Naman daji ne aka ɗaure, amma ko sau ɗaya bai ja igiya ba. Kare ya zo wucewa, awaki suka firgita, barewa ko kunne ba ta ɗaga ba. Kashinta ba ya fita ƙwaya-ƙwaya kamar yadda ya kamata, sai ruwa-ruwa. Da safe kuma akwai wani kumburi mai laushi a ƙarƙashin haɓarta. Tabita ta tsuguna, ta ja fatar idon barewar ƙasa kamar yadda take yi wa awakinta. Inda ya kamata ta ga ja, sai ta ga fari kamar auduga.

Ta sami mijinta a zaure, shi kaɗai, ta ce, “Baban Luka, barewar nan ba ta da lafiya.”

Ya ce, “Gajiya ce. Ke kin san irin gudun da muka sha?”

“Kai ka huce, ita ba ta huce ba?”

“Ai ƙarfin ba ɗaya ba ne.”

Ta ce, “Ba jini a idonta. A ɗauke ta daga cikin awakina, a kai ta wani wuri.”

Ya ce, “Wane wuri? Bayan rumbu, inda ba mai ganinta? Maman Luka, tun da na zo duniya ban taɓa yin abin da aka taru aka kalla ba sai wannan. Ki bar ni in sha iska.”

Tabita ta san mijinta. Ta gane cewa muddin barewar tana da lafiya, labarinsa yana da lafiya, in kuwa ta kwanta, labarin ya kwanta. Ta kuma san awakinta suna cin ciyawar da barewar take kashi a kai.

Ran kasuwa da sassafe ta nemi gwangwanin madara guda biyu. Ta tsaya a filin tana jira har barewa ta yi kashi, ta kwashe da ɗuminsa ta zuba a ɗaya. Ta bi awakinta ta tsinci nasu ta zuba a ɗayan, ta ɗaura masa tsumma don kada ta rikita su. Sa'an nan ta je ta ce, “Maigida, zan je asibitin dabbobi a birni.”

Ya ce, “Da me?”

Ta nuna masa.

Ya ce, “Matata, a motar kasuwa, da kashi a gwangwani. Me mutane za su ce?”

Ta ce, “Za su ce tana wari. In na dawo na yi wanka.”

A mota wata mata ta tambaye ta ko daddawa ce ta kai kasuwa. Tabita ta ce, “Ba ta nuna ba tukuna,” ta ƙara rungume kayanta.

Malamin dabbobi, wani mai suna Malam Tanimu, ya karɓi gwangwanayen da hannu biyu kamar an kawo masa tsaraba. Ya ɗebi kaɗan daga na barewa, ya dama da ruwan gishiri, ya tace, ya bar shi ya natsu. Ya ce ƙwan tsutsa ba shi da nauyi, a ruwan gishiri sama yake tasowa. Ya ɗauki ɗigo daga saman ruwan ya sa a kan ɗan gilashi, ya tura ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu, ya ce, “Zo ki leƙa, Mama.”

Ta leƙa. Ga waɗansu abubuwa kamar ƙwayar riɗi, birjik, ba wurin sa allura.

Ya ce, “Ƙwan tsutsar ciki ke nan, mai shan jini. Uwayen suna cikin tumbinta. Ƙwan yana fita da kashi, ya ƙyanƙyashe a jiƙaƙƙiyar ciyawa, wata dabba ta zo ta ci.” Ya sake yin haka da na awaki. A nan sai da suka yi ta nema kafin su ga ɗaya can, ɗaya can.

Tabita ta ce, “Amma Malam, in ka gan ta daga nesa, gashinta sumul.”

Ya ce, “Haka naman daji yake. Wanda ya nuna ciwo a dawa, kura ce take fara gaishe shi. Saboda haka suna ɓoyewa har sai ƙafa ta ƙi ɗauka. Shi ya sa mu ba fuskarsu muke dubawa ba, abin da suka bari a baya muke dubawa. Na awakinki bai yi nisa ba tukuna, amma in suka ƙara daɗewa a filin nan, sai dai labari.”

Ta ce, “To, sai ka zo ka faɗa da bakinka. Nawa bakin na gida ne, an saba da shi.”

Washegari Malam Tanimu ya iso a kan babur da kwalbar magani. Ya tarar da Zakka a filin, maza sun kewaye shi, yana ba da labari, ya kai daidai wurin da kadan nan ya buɗe baki. Bayan gaisuwa malamin ya faɗi abin da ya gani, ya ce a ware barewar, a kwashe dabbobi duka daga wannan ciyawa, a ba su magani.

Zakka ya gyara tsayuwa ya ce, “Likita, ban musa ba. In akwai tsutsa, akwai. Amma dabbar da ta tsallake kogi lafiyarta ƙalau na kawo ta. A nan ta ɗauka. Awakin Maman Luka ne suka shafa mata.”

Nan take fuskokin maƙwabta suka sauya. Ɗaya ya ce, “Ashe daga nan abin yake. To, a fitar da awakin nan kafin su gama da namu.” Wani ya ce gara a yanka su tun ana iya cin naman.

Tabita ta je ta tsaya a gaban awakinta, ta riƙe igiyar babbar akuyar. Ta ce, “Ba mai taɓa su sai an gama magana.”

Malam Tanimu ya ce, “Baba, tsutsar nan takan yi makonni a ciki kafin ta fara ƙwai. Barewar nan ko mako ba ta yi a gidanka ba. Ciwonta ya girmi zamanta a nan. A yadda na ga jininta, ta daɗe rabonta da gudu.”

Zakka ya ce, “Madubinka ya je dajin? Ni na je.”

Sai wata murya ta ce, “Ni ma na je.”

Gwaggo Laraba ce, ƙanwar mahaifin Zakka, tsohuwa mai dogara sanda, ta dawo daga rijiya ta tsaya jin labari. Ta ce, “Ina gindin ɗorawa ina tsintar itace ranar. Barewar nan a kwance ka same ta a bakin gonarka, ƙudaje suna binta. Ka tsuguna. Ka cire hularka ka ɗebo ruwa a rafi, rafin nan da kaza take tsallakewa, ka ba ta. Ina ji kana ce mata, ‘Sannu, 'yar nan, sannu, kada ki mutu.’ An yi gudu kam, ban hana ba. Kai ka yi shi, da ita a kafaɗa, kana sauri kada ta cika a hanya.”

Zakka ya ce, “Gwaggo, me ya sa ba ki faɗa ba tun tuni?”

Ta ce, “Ina so in ji yadda za ka ƙare da kadan. Amma tun da abin ya kai ga awakin yarinyar nan, a bar kadan ya huta.”

Zakka ya dubi ƙasa, ya dubi matarsa. Sa'an nan ya je da kansa ya tumɓuke turken, ya ɗauki barewar ya kai ta bayan rumbu. Ya dawo ya riƙe wa malamin awaki ɗaya bayan ɗaya ana ɗura musu magani.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali.

Barewar nan ita ce rayuwar da muke ɗaurewa a bakin hanya domin a gani. Tsutsar kuwa zunubi ne da damuwa waɗanda muke ɓoyewa a ciki. Mun iya ɓoyewa fiye da naman daji. Mukan zo sujada da guga a riga, a tambaye mu lafiya, mu ce ƙalau, alhali wani abu yana shan jininmu a hankali: fushin da muka ƙi saki, kwalbar giyar da muke cewa ta ƙarshe ce, ƙaryar da muka yi tun bara muna ta ciyar da ita.

Ku lura, ciwon bai tsaya a kan barewa ba. Ciyawa ɗaya muke ci da iyalinmu. Abin da uba ya ɓoye, yara suna kiwo a kansa. In kuma mutum ya ƙi yarda da nasa ciwon, ba ya rasa wanda zai ɗora wa, yawanci kuwa na kusa da shi ne, mai kawo masa ruwa.

Gwangwanin Tabita shi ne tuba. Ba shi da ƙanshi, ba a kuma yin ado da shi. Amma likita bai ce a kawo masa gashin barewa ba. Abin da ake jin kunyarsa shi ya duba, gama a nan gaskiya take. Haka Ubangiji yake da mu. Kyawawan labaranmu ba su da amfani a gare shi. Ku kawo masa abin da kuke rufewa da tsumma. In kuwa Allah ya ba ka mai irin zuciyar Tabita a gida ko a ikilisiya, mai faɗa maka a zaure kafin a faɗa maka a fili, ka ji shi tun a zauren.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi ba ni tausayi. Abin da Zakka ya yi a gaskiya ya fi abin da ya ƙaga kyau nesa ba kusa ba. Ya ga halitta tana mutuwa, ya tsuguna, ya ba ta ruwa, ya ɗauke ta. Amma ya ji kunyar jinƙai, ya ga gara a ce da shi jarumi. Da yawa a cikinmu haka muke.

Saboda haka kada ka jira Gwaggo Laraba ta dawo daga rijiya. A cikin makon nan ka sami wanda ka ɗora wa laifin da yake naka, ka faɗa masa yadda abin ya faru. Ka fara da shi, sa'an nan ka zo ka durƙusa a gaban Ubangiji.