Ɗalibin da Ya Tambayi Sarki Hujja

An yi wani sarki, Mamuda, wanda ya fi son a kira shi adali a kan ya yi adalcin. Ya ji labarin wasu masanan Turai na da, waɗanda suka ɗaukaka hankali, suka ce talaka yana da hakkin tambayar mai mulki hujja, sai ya umarci Malam Ishiyaku ya karantar da tarihinsu a makarantar birni.

Bayan shekara goma ya so ya ga amfanin karatun. Ya sa aka rufe babbar rijiyar gari ba dalili, ya ce wa malamin, "In kwana bakwai suka cika babu ɗalibinka da ya zo ya tambaye ni hujja, karatunka banza ne, sai ka bar mini ƙasa."

Mata suka yi ta jigilar ruwa daga rafi mai nisa. Ɗalibai kuwa, da suka haddace sunayen masanan da shekarun mutuwarsu, suka aiko da takardun yabo, har wani ya kafa hujja da maganar masanan cewa ƙishirwa tana kaifafa tunani. Abin takaici, tasa takardar ta fi ta kowa tsari.

Ran na takwas aka kawo malamin fada. Ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, a yi mini izini in faɗi abin da na sani. Na taɓa samun ɗalibi guda da karatun ya shige shi, Haladu. Shekara uku ke nan da ya tsaya a nan ya tambaye ka dalilin ƙwace gonakin marina, ka sa aka kulle shi. Hanyar makaranta ta bakin kurkuku ta bi. Kullum yara suna ɗaukar darasi biyu, nawa a aji, naka a hanya, kuma naka ya fi shiga."

Sarki ya sunkuyar da kai, sannan ya ce a buɗe rijiya, a fito da Haladu.

Aka shigo da shi a rame, yana kare idonsa daga haske. Sarki ya ce, "Tambaye ni duk abin da kake so, ka tsira."

Haladu ya kifa goshi a ƙasa. "Duk abin da sarki ya yi daidai ne," in ji shi. Aka sake tambayarsa har sau uku, bai canza ko harafi ba.

Sarki ya ba Malam Ishiyaku alkyabba, ya tabbatar da shi a kan makaranta. Malamin ya yi godiya yana hawaye, ya lulluɓe ɗalibinsa da alkyabbar, ya ja hannunsa suka fita.

Littafi yana koya wa mutum tambaya, amma adalcin mai mulki ne kaɗai ke barin ta ta fito daga baki.