Baƙuwar Lambun Kunkuru

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, mun kasa kunne!

Tsutsa ta addabi lambun Kunkuru sarkin kunya, alayyafonsa duk ya zama rariya. Ran nan sai ga Shaya, tsuntsuwa mai ƙyallin shuni, ta yi sallama. Kunkuru ya yi wuf ya kare ganyen da bayansa, ya zuba mata gero.

Ko kallo bai ishe ta ba.

"Baƙuwa, ko na yi laifi?"

"Baba, ni ba tattabara ba ce. Me kake ɓoyewa?"

Ya maida kai cikin ƙoƙonsa. "Tsutsa ce, abin kunya."

"Haba! Nama ka hana baƙuwa? Matsa!"

Ta cinye tas, washegari ta kawo danginta. Alayyafo kuwa ya sake toho.

Ƙurunƙus kan ɓera, mai gyangyaɗi ya yi asara!