Zaman Majalisa a Tsakiyar Kogi

A wani gari na bakin kogin Kwara, Jatau ke tuƙa jirgin fiton jama'a. Da mai ya yi tsada, ya je wajen ciyaman na ƙaramar hukuma neman ƙarin kuɗin fito.

Ciyaman ya ce, "Ba ka ƙara ko kwabo sai majalisa ta amince. Ka ajiye jirgi kuma, mu ƙwace shi."

"Ranka ya daɗe, yaushe za ta zauna?"

"Tana hutu."

Ran Asabar ciyaman da kansilolinsa duka suka shiga jirgin, za su cin suna a ƙetare. Suka biya tsohon kuɗi. Ana kaiwa tsakiya injin ya mutu.

"Kai Jatau, lafiya?"

"Lafiya lau. Man da kuɗinku ya saya, iyakarsa nan."

"Waccan jarkar fa?"

"Man ƙari ne, ranka ya daɗe. Sai majalisa ta amince. Ni ba na taka doka."

"Majalisa tana hutu!"

"To, mu huta."

Ya ciro goro ya ɓara. Ruwa ya fara jan jirgin. Can gaba dorina ta ɗago kai ta yi hamma.

Wani kansila ya ce, "Ciyaman, don girman Allah buɗe zama!"

Ciyaman na rungume da benci ya ce, "An buɗe! Wa ya amince?"

Hannuwa suka tashi, wani har biyu.

Jatau ya ɗauko jarka ya ce, "A ƙirga a hankali, ranka ya daɗe. Kada gobe a ce an yi maguɗi."