Fadamar da Jatau Ya Ara

An yi wani mutum a wani gari, a zamanin da ya wuce, bawan Allah ne manomi, ana kiransa Jatau. Abin da ya mallaka gona ce ta tudu mai tsakuwa, sai wata fadama da yake ciyar da iyalinsa da ita. Fadamar kuwa ba tasa ba ce. Abokinsa Mamuda ne ya ba shi aro, a hanyar dawowa daga kasuwa, ba shaida, ba rubutu, kamar yadda muka saba yin manyan al'amuranmu.

Jatau yana can ci-rani Mamuda ya rasu, ya bar 'ya'ya mata biyu ƙanana. Aka raba gado, ba wanda ya ambaci fadama, domin kowa ya ɗauka ta Jatau ce. Uwar yaran ta tafi da su garin iyayenta. Da Jatau ya dawo ya ce bayan girbi zai je ya gaya musu. Ku saurara, jama'a: bayan girbi. Girbi bakwai aka yi.

Wata rana ya ji 'yarsa, wadda ba ta wuce shekara biyar ba, tana nuna wa ƙawarta rake tana cewa na fadamar babanta ne. Yarinya ba ta yi ƙarya ba, abin da ta sani ta faɗa. Nan Jatau ya gane cewa duk duniya shi kaɗai ya rage wanda ya san gaskiyar, kuma shi ma mai mutuwa ne.

Ya gaya wa matarsa Tabawa cewa zai kira liman da shaidu biyu a rubuta masa wasiyya. Ta tambaye shi ko jikinsa ne, ya ce lafiyarsa lau. Ta ce mai lafiya ba ya kiran mutuwa da bakinsa. Da ta ji abin da za a rubuta, sai ta ajiye taɓarya.

"Malam, yara uku gare mu. Tsakuwar tudu za su ci?"

"Tabawa, in na tafi da bakina a rufe, haƙƙin marayu za su ci har tsufansu. Ba su sani ba, ni na ɗura musu."

Aka rubuta cewa fadama ta 'ya'yan Mamuda ce. Aka rubuta iyakar gonar tudu. Aka rubuta sunan ƙanen Jatau a matsayin wanda zai riƙe masa 'ya'yansa in ya rasu, bayan an tambaye shi a gaban mutane ya amsa. Sannan Jatau ya yi tafiyar kwana biyu a ƙasa, ya sanar da marayun, ya nemi yafiyar shekara bakwai.

Na san kuna jiran in ce ya haƙo tukunyar zinariya a gonar tudu. Bai haƙo ba. Kawun marayun ya zo ya karɓi fadama, ko godiya bai yi ba. Tabawa ta yi wata guda tana amsa gaisuwar mijinta da ka. Wasiyyar kuma ba ta kashe shi ba: shekara ashirin ya ƙara, yana fama da tsakuwa, 'ya'yansa suka girma da halak.

To, darasin a fili yake. Amanar da ke cikin kan mutum ɗaya, da shi ake binne ta. Kai mai ƙananan yara, akwai abin da kai kaɗai ka sani: a dukiya wanne ne naka, wanne ne na wani, hannun wa za ka bar yaran. Ba za su iya tambayarka yanzu ba, in sun girma kuma ba lallai su same ka ba. Ka kira shaidu, a rubuta, ka tambayi wanda za ka ɗora wa nauyin kafin ka ɗora.

Na sani, za ku ce bayan girbi. Allah Ya kai mu.