Ƙyallu da Dubagarin Birnin Ƙoƙo

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne da masu gyangyaɗi.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

A cikin kan wata tsohuwa, Gwamma, akwai wani birni, Birnin Ƙoƙo. Mutanensa ƙanana ne, ido ba ya ganinsu, sirara, masu dogayen hannuwa. Kowa riƙe da hannun maƙwabcinsa, kowa da ajiyarsa. Wani ke riƙe da awon gishiri. Wani hanyar rijiya. Ita kuwa Ƙyallu, 'yar lungu, sunan 'yar Gwamma ke wurinta: Lantana, wadda ta yi aure nesa. In Ƙyallu ta mutu, uwa ba za ta ƙara sanin 'yarta ba.

To, birnin yana da al'ada. Kowa da ƙullin maganin mutuwa a hammata tun ran haihuwa. In mutum ya ruɓe daga ciki, Dubagari ya zo ya ce, "Kwanta." Sai ya kwance ƙulli, ya sha, ya naɗe kansa kamar tabarma, a share shi. Ba wari, ba kuka. Al'ada mai kyau ce. A Birnin Fata da Birnin Hanji, ɗaya ya mutu a haifi goma. Amma a Birnin Ƙoƙo haihuwa ta yi wuya. Wanda ya tafi, ya tafi.

Ana nan, ana nan, sai mai shara ya tsufa, tsintsiya ta fi ƙarfinsa. Wata ƙazanta mai danƙo ta taru a ƙofar kowa. Dubagari kuwa, ga hula ga tumbi, ba ya leƙa ɗaki. Ƙofa kawai yake gani, in ya ga ƙazanta sai ya ce mai ɗakin ya ruɓe.

Ya je wa Mai Gishiri. "Kwanta."

"Lafiyata lau, amma to, ranka ya daɗe." Ya sha, ya naɗe. Ranar Gwamma ta zuba gishiri a kunu, ta ce jikokinta ne ba su da baki.

Ya je wa Mai Hanyar Rijiya. "Kwanta."

"To, ranka ya daɗe." Ya sha, ya naɗe. Gwamma ta ɗauki guga, aka tsinto ta a kasuwar awaki tana zagin wani bunsuru.

Abin haushi, maƙwabtan mamatan da suka ji hannu wayam, ba mai taɓa su, ba mai ce musu sannu, su ma suka sha nasu ba a ko aike su ba. Wawaye masu ladabi!

Na uku, Dubagari ya tsaya ƙofar Ƙyallu.

"Kwanta."

"Yanzu kuwa, Baba Dubagari. Bari in ƙarasa gaisawa. Ko a gidanku ana katse gaisuwa?"

"A'uzubillahi! Ni ɗan mutunci ne. Gaisa."

Ƙyallu ta damƙe hannun maƙwabciyarta ta dama, ta damƙe na ta hagu.

"Ina kwana?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya yara? Ya kaji? Ya ƙafar nan taki? Ya muka ji da Dubagari?"

"Sai haƙuri!"

Ya gyara murya. "Ke, kin gama?"

"Haba, Baba, ko dangin uwarta ban taɓo ba."

Ya jira. Ta gama da dama, ta koma hagu. Ta gama da hagu, sai ga gari ya waye, gaisuwar jiya ta tsufa, a sake sabuwa. Hannu biyu duk a riƙe, da wanne za ta kwance ƙulli? Lungu duka ya ɗauka, ina kwana nan, ina wuni can. Dubagari na tsaye, ƙafa ta kumbura kamar kabewa.

Rannan Lantana ta iso, ta durƙusa. "Inna, kin gane ni?"

Gwamma ta laluba cikin kanta. Ba gishiri, ba rijiya, unguwanni duk kufai. Sai Ƙyallu ta miƙa ajiyarta, hannu zuwa hannu, har bakin tsohuwa.

"Lantana. Ja'ira, sai yau? Kin yi ƙiba kamar randa."

Waɗanda suka sha ba su dawo ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Dubagari ma bai tafi ba, yana nan yana jira. Amma wanda ake gaisarwa ba ya saurin kwanciya. Ku da kuke wuce tsofaffi kamar kun ga turmi, kun ji dai.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya ƙone. Ku tashi min daga tabarma, amma ku gaishe ni tukuna.